Labulen Inna Ba Zai Shiga Gilashi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ranki, Yaya, bayan jinyar da kika yi ta ɓoye mana. Ni ƙanwarki na so in rubuta wannan cikin sanyin rai, amma ba a bar ni ba.

Tun da Kawu ya sayar da gidan Baba ya watso mu gidajen haya, ba mu ƙara daɗewa a wuri ɗaya ba. Duk ranar tashi, muna kuka muna ɗaure kaya, ke kuwa kina tsaye da kyamara kina ɗaukar bango: ramin ƙusa, shatin inda madubi ya zauna, zanen fensirin da Inna ke auna tsayinmu da shi. Sai ki ce, "Share hawayenki, Auta, har ɗakin za mu tafi da shi." Kin kuwa cika alkawari. A sabon wuri kikan rataya tsohon labulen Inna ki haska bidiyon a kansa, iska na kaɗa shi, tsofaffin ɗakunanmu suna motsi kamar masu numfashi. Ƙa'idarki ɗaya ce: ba a nuna shi sau biyu a wuri guda.

Kawu cewa ya yi aljanu ne a kanki. Mai gidan baje zane-zane, da kika kai masa aikin, toshe hanci ya yi, wai labulen ya yi datti. Yau ga su kafaɗa da kafaɗa a wurin sadakar arba'in, Kawu na goge busasshen ido yana "'yarmu, 'yarmu". Wai in ba su labulen a miƙar da shi cikin gilashi, a kafe a bango har abada, a rubuta sunanki a ƙasa. Kai, rashin kunya! Wanda ya raba mu da bangonmu, shi zai zaɓa miki bango?

Wallahi ba zan bayar ba. Labulen yana cikin jakata. Jiya muka kwashe kayan ɗakinki, na ɗauki kyamararki na ɗauki shatin inda gadonki yake. Da shi zan tafi.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yafe miki kurakuranki, Ya ba Inna haƙurin wannan rashi. Su biyun nan Allah Ya shirye su, ni dai ban huce ba. Ke kuma Allah Ya ba ki gida a Aljanna, wanda babu kawun da zai iya sayarwa. Amin.