Shuɗiyar Kwalbar Kawu Dogara

Kafin in fara, ina neman afuwa. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun 1950, lokacin da nake zaune a gidan Kawu Dogara a Sabon Gari, ina ƙaramin akawu a gonar gwaji ta Samaru, kafin in tafi jami'a. Tsufa ya taɓa ni, mai yiwuwa na haɗa wata shekara da wata. Amma kwalbar kam, ba na shakka a kanta.

Duk wanda ya san Kawu ya san ta: shuɗiya, a naɗe cikin tsohuwar safar soja, kullum tana aljihun gaba. Ya ce wani likitan soja ne ya ba shi ita cike da magani a yaƙin Burma, lokacin da zazzaɓi ya kusa kashe shi. Shi ne shugaban leburori a gonar, don haka tare muke taka keke zuwa Samaru kowace safiya. Ko atishawa na yi a hanya, sai ya ja birki, ya zaro ta, ya girgiza a kusa da kunne, ya ce, "Ta Burma ce, ba ta san wasa ba!"

Abin da ya dame ni, ko da yake ban taɓa iya faɗa masa ba, shi ne kwalbar ba ta ƙarewa. In ta yi rabi, sai ya cika ta daga randa. Matarsa Inna Saratu, ita kam ba ta da irin kunyata.

"Baban Ladi, tun yaushe aka gama yaƙi? Ai ruwan rijiyarmu kake ɗura wa mutane!"

"Ke ba ki yi soja ba, Saratu. In sabon ruwa ya shiga, tsohon ne ke koya masa aiki."

Kuma ba haka kawai ake sha ba. Sai ka ƙame kamar soja, ya duba harshenka, ya tambayi gonarka, da surukarka, da abin da ya hana ka barci. Wani manomi daga Bomo ya taɓa zuwa da ciwon kai, Kawu ya tsare shi da tambayoyi har ya amayar da duk rigimarsa da wansa a kan iyakar gona. Mutumin ya miƙe ya yi godiya zai tafi.

"Kai! Ba ka sha ba fa!"

"Af! Ai har ya sake ni."

"Ka gani? Ƙamshinta ma kawai ke nan."

Ni kaina, ranar da zan rubuta jarrabawar neman shiga jami'a, cikina ya murɗe har na kasa tsayuwa. Kawu ya ce, "Malam Boko, buɗe baki." Na san ruwan randa ne, a gabana aka zuba. Na sha. Kafin mu isa Samaru ciki ya lafa. Daga baya na karanta cewa natsuwar rai tana iya rage wa jiki zafi, kuma ina ganin, ban dai tabbatar ba, hakan ne ya faru. Sai dai ina roƙo kada wani ya ɗauka ina cewa ruwa yana kashe cuta. Ba ya kashewa, kuma mun kusa koyon haka da tsada.

Wata damina, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Kawu da kansa. Jiki kamar murhu, haƙora na kaɗawa. Yana ta shan kwalbarsa, abin sai gaba yake yi. Na je ɗakin shan magani na karɓo ruwan kwinin, ya juya fuska bango.

"Wanda ya sha ta Burma ba ya shan na yara."

Na yi ta kawo masa hujjoji na littafi, ko kallona bai yi ba. Har idonsa ya fara faɗawa. Inna Saratu ta ja ni zuwa madafa, ta ce, "Ɗan nan, karatunka ya ishe mu haka. Miƙo."

Ta tuttular da ruwan kwalbar a gindin gwanda, ta ɗura kwinin ɗin a ciki, ta mayar da ita cikin safa. Na zuba a cokali na kai masa. Ya haɗiye, ya yamutse fuska don ɗaci, ya ƙura wa kwalbar ido. Na ce a raina, shi ke nan, ya gane.

Sai ya ɗaga yatsa, ya ce, "Saratu, kin ji? Ta san maigidanta ne a kwance, ta fito da ƙarfinta na gaske!"

Ya shanye maganin tas, a kan ƙa'ida, ya tashi. Har ya koma ga Ubangiji bayan shekaru masu yawa, babu wanda ya gaya masa. Inna Saratu kuwa, daga ranar ba ta sake yi wa kwalbar ba'a ba. Ita ce ma take cika masa ita.

Allah ya ji ƙan Kawu da Inna, ya ba su hutawa, kamar yadda suka sanyaya wa mutane da yawa rai.

'Yarsa Ladi ta ce mini kwalbar koriya ce, ni kuma shuɗiya nake gani har yau. Duk wanda ya taɓa ƙamewa a gaban cokalin nan, don Allah ya aiko mini da gyara. Sai dai kada ya wahalar da kansa wajen gaya mini ruwa ne. Na sani, na kuma sha.