Gidan da Kawu Ya Gina Sau Biyu

Kawuna magini ne, irin waɗanda ba sa yabon aikin kowa. In ya shigo gidanka, kafin ya gaishe ka ya riga ya gano bangon da ya karkace. Amma nasa gidan abin kunya ne: dokin ƙofa ya yi tsawo, ɗakin girki a matse, ga wani tudu a tsakar gida da kowane baƙo sai ya yi tuntuɓe da shi. Bai taɓa gyarawa ba, domin a cikinsa matarsa Inna ta makance, kuma da tafin ƙafa ta haddace shi. A ciki ba ta neman ɗan jagora. A waje kuwa sai an riƙe ta.

Sai aka zo da zancen sabon titi. Za a rushe layinsu gaba ɗaya, maƙwabta su watse, kowa inda aka ba shi fili. Na Kawu can bayan gari ya faɗo.

Tsoronsa ɗaya ne, kada Inna ta ƙare rayuwarta a bakin gado, tana jiran mai kai ta banɗaki. Kafin rusau ya bi gidan da igiya ya auna komai, ya je ya sake gina shi sak, har da kurakuran. Leburori suna dariya.

"Baba, yanzu tudu ma gina shi ake yi?"

"Ku zuba ƙasa," in ji shi. "Ba ku ake gina wa ba."

Ranar tarewa na rako su. Inna ta ɗaga ƙafa daidai dokin ƙofa, ta kewaye tudun, ta shiga ɗakin girki ta taɓa randa.

"Malam, kai ma dai," ta ce. "Har ƙofar nan mai kuka ka kwaso?"

Ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na ranar ba.

Washegari da safe ta bi bango zuwa inda katanga ta yi ƙasa, wurin da ta saba gaisawa da maƙwabciyarta mai ɗinki. Gidan ya yi kama da na da har ta manta. Ta dafa katangar ta ɗaga murya.

"Maƙwabciya, an tashi lafiya?"

Babu komai a bayan katangar sai ciyawa. Kawu yana tsaye da cokalin gini a hannu. Tausayinsu ya kama ni, na sunkuyar da kai.

Ta sake kira, ta jira. Sannan ta sauke hannunta a hankali.

"Malam, zo ka riƙe ni," ta ce. "Ban san inda nake ba."