Dariyar da Na Ɓoye wa Ɗana

A shekarun da aka samu mulkin kai, ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Gazara, ƙasar Makarfi. Asalina 'yar Kudan ce, aure ya kawo ni. Maigidana manomin rake ne, yakan dafa mazarƙwaila ya ɗora wa jaki ya kai kasuwar Makarfi. Ban yi boko ba, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a gidan mai unguwa, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. Ni mace ce marar yawan magana. Mutane suna yabona da haƙuri, har ni ma na ɗauka duk wani shiru haƙuri ne.

Ɗana na fari namiji ne, kuma na yi masa kunya irin wadda iyayenmu suka koya mana. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yaba masa a gaban ido ba. In na tuƙa tuwo sai in ce wa ƙanwarsa ta gaya wa wancan abinci ya sauka. Tun yana ƙarami yake tsintar gawayi a murhun dahuwar rake yana cika bangon zaure da zane. Da ya gama elementare, malaminsa ya kai shi Zariya wurin masu buga littattafai da jarida. Aikin ba na albashi ba ne: zanen da aka karɓa shi ake biya, wanda aka mayar masa kuwa wahalarsa ta tashi a banza. Yana da wani hali a aikinsa, ba ya iya ƙago fuska daga kansa, sai wadda idonsa ya saba da ita. A littafin da muke koyon karatu ma na ga mai tallan nonon unguwarmu, har da haƙorinta da ya karye.

Ana nan sai ya fara wani zanen ban dariya da ke fitowa duk mako a jarida, labarin wani manomi da ya sa wa suna Baba Karkace. Malamar ajinmu takan ba ni jaridar in ta gama da ita. Kallo ɗaya na yi na gane mutumin: hula a karkace ta gefen hagu, wushirya, da tsayuwar nan da hannu ɗaya a ƙugu. Maigidana ne sak. A ranar an zana shi ya dage da ciniki, jakinsa kuma a bayansa yana cinye mazarƙwailar, abin da ya taɓa faruwa da gaske. Na kai masa bayan la'asar, yana zaune a gindin rumbu. Shi bai iya karatun boko ba, ni na karanta masa maganar da ke ƙarƙashin hoton. Ya ƙura wa hoton ido, sai ya fashe da dariya har da hawaye, yana cewa ja'irin yaron nan ko mazagin wandonsa bai bari ba. Daga nan duk mako sai ya tambaye ni ko takardar yaron ta iso, in karanta, ya ce in sake. Amma ya gargaɗe ni kada kowa ya ji, balle shi yaron, don kada kansa ya kumbura.

Abin ya lalace ne a kasuwa. Wani ya gane fuskar, ya liƙa takardar a jikin rumfa. Kafin a ce haka kowa Baba Karkace yake kiransa, yara suna bin jakinsa suna tambaya ko ya ƙoshi. Da farko yana murmushi. Sai wata ranar kasuwa ya sayi ƙosai, ya buɗe ƙunshin ya tarar da fuskarsa ce, mai ya jiƙe ta sharkaf. Taubashinsa yana gefe, ya ɗaga murya ya ce ai ga amfanin boko nan, wasu 'ya'yansu na sayo musu keke, shi nasa ya yanka shi gunduwa-gunduwa yana sayarwa a Zariya. Rumfa ta ɗauki shewa. Ya dawo gida ya kwashe jaridun da nake ajiyewa a ƙarƙashin tabarma ya zuba a murhu. Tun daga ranar ya daidaita hularsa a tsakiyar kai, sai na ga kamar baƙo ne a gidan. Ya aika a kira yaron.

Da ya zo, uban ya ce masa a zaure ya zaɓa, ko zanen ko gidan nan. Yaron ya yi bayani cikin ladabi, ya ce duk ayyukansa wannan ne kaɗai ke zuwa kowane mako, da shi yake biyan hayar ɗaki, da shi yake aiko mana ɗan abin da yake aikowa. Ya ce zai canza hular, zai toshe wushiryar. Uban ya ce ya gama magana. Sai yaron ya shigo cikin gida ya tsuguna a bakin ƙofata, asabari a tsakaninmu, ina tankaɗe. Ya kira ni Inna, ya ce bai taɓa tambayata komai ba, yau abu ɗaya yake so. Ko Baba ya taɓa kallon zanen nan ya yi dariya, ko sau ɗaya? In ya taɓa, to ya san fushin kasuwa ne, zai bari ya huce ya dawo da manya su ba shi haƙuri. In kuwa tun farko ciwo yake ji yana haɗiyewa, to laifin ya yi girman da ba shi da idon sake shigowa gidan nan.

Maganar tana bakina. Amma matan gida suna tsakar gida sun kasa kunne, ga gargaɗin maigida, ga shi ban taɓa doguwar magana da ɗan nan ba tun da na haife shi. Sai na ji bakina yana ce wa ƙanwarsa ta gaya wa wancan akwai fura a ƙwarya. Ya jima a tsugune, ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin asabari. Can ya ce ya gode, ya tashi. Furar ko taɓa ta bai yi ba.

Baba Karkace bai sake fitowa ba. Na ji daga baya ya gwada wasu fuskokin, ba su ba mutane dariya ba, masu jarida suka nemi wani. Aikin littattafai bai isa riƙe mutum ba, sai ya koma rubutu da zanen fulawa a jikin manyan motoci, yau Kaduna, gobe Jos. Yakan ba direbobi sabulu da turmin atamfa su kawo mana, shi dai ba ya zuwa. Uban kuwa kafin a sake saran rake fushinsa ya wuce, hula ta koma gefenta da kanta. Yakan tsaya a ƙofata ya tambaya, kamar ba da gangan ba, ko har yanzu ana kawo jarida ajinmu. Uba yana jiran ɗa, ɗa yana jin ba shi da fuska, ni kuma ina tsakiya riƙe da abin da zai haɗa su. Na iya rubutu a lokacin. Sau da yawa na ɗauki fensir, amma dole a sa sunan mutum a bayan ambulan, hannuna kuma ya ƙi. Kullum sai in ce bari sai bayan Sallah.

Ciwon ƙirji ya kama maigida da damina. Aka kai shi Ikara wurin likita, aka dawo da shi ba sauƙi. Yana kwance ya ce in ba shi labarin jakin nan da ka, tunda takardar ta ƙone. Na ba shi, ya yi 'yar dariya tari ya sarƙe shi, sannan ya ce a nemo masa yaron. Wani direban Ikara ne ya yi ta cigiya har ya same shi. Yaron ya iso an riga an yi sadakar uku.

Ya tsuguna a daidai wurin da ya tsuguna a da. A ranar na ɗage asabari, na kira shi da sunansa a gaban kowa, na gaya masa komai: gindin rumbu, da hawayen dariya, da mazagin wando, da abin da uban ya roƙa a kan gadonsa. Bai yi kuka nan take ba. Ya dube ni ya tambaye ni a hankali me ya hana ni faɗa a wancan lokacin. Da yamma ƙanwarsa ta roƙe shi ya zana mata Baba, don ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba, zanukan jaridar kuma wuta ta cinye. Ya karɓi fensir ɗina ya zana hular a karkace, tsaf kamar a taɓa. Da ya zo fuskar sai ya ajiye fensir ya rufe ido da hannun riga. Bai ƙarasa ba har yau. Yana zuwa gaishe ni, yana kula da ni, bai sake ɗaga mini maganar ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ba na zagin kunya, da ita aka raine mu kuma tana da kyawunta. Sai dai na gane akwai ranar da ɗa ba fura yake nema a wurin uwarsa ba. 'Yan'uwana mata, musamman masu 'ya'yan da ke wata sana'a da ba mu saba da ita ba, in kun ga abin da suka yi ya faranta ran wani a gida, ku gaya musu tun masu dariyar suna da rai. In ɗanki ya tsuguna a ƙofarki ya yi tambaya, ki ɗage asabarin ki amsa masa, matan tsakar gida su faɗi abin da za su faɗa. Ni na amsa tawa, amma a lokacin wanda ya yi dariyar yana cikin ƙasa. Allah Ya jiƙansa, ni kuma ku sa ni a addu'a.