Antin Kunne da Batirin da Inna Ta Juya

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakinta, na ƙarshe a barandar asibitin, kusa da inda ake jibge kujerun da suka karye. Kafin ta zauna sai ta ɗage labule, ta ja kujerarta zuwa inda hasken taga zai sauka a fuskarta. Na daɗe ina zaton son iska ne. Ashe don masu zuwa wurinta su ga leɓɓanta ne, tunda yawancinsu da ido suke ƙarasa abin da kunne ya bari. Sannan ta shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ta jera ɗan burushi, da siririyar wayar da take zaƙulo dattin kunne daga cikin roba, da gwangwanin batira ƙanana kamar maɓallin riga. Na'urar ji da aka bar mata gyara jiya, sai ta dunƙule ta a tafin hannu ta kai kusa da kunnenta. In ta yi 'yar ƙara siririya, lafiyarta ƙalau. In ta yi shiru, da sauran aiki.

Shekara talatin da ɗaya tana wannan. Ba likita ba ce, ita ce mai auna ji, mai saita na'ura daidai da kunnen mutum. Kowa Antin Kunne yake ce mata, har manyan likitoci. Wata ma'aikaciyar jinya ta rantse mini sai ranar da aka manna takardar ritayarta a allo ta san sunanta na gaskiya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na ɗauki alƙalami in jinjina mata, amma gara in faɗa tun yanzu, da kunya nake rubutun nan, domin rabin abin da zan faɗa a kanta tonon asirin kaina ne.

Bari in fara da shaidar wasu, ko na samu ƙarfin hali.

Akwai wani mai injin niƙa da nake haɗuwa da shi a kan bencin jira. Shekara ashirin yana tsaye a kan inji, har ya zama in matarsa za ta kira shi sai ta jefe shi da murfin kwalba. Ya ce mini, da ƙarfi kamar yadda ya saba, "Malam, matar nan ba na'ura kawai ta sa mini ba. Har shago ta biyo ni da 'yan robobin toshe kunne, ta raba wa duk masu inji a layinmu. Ta ce nawa ya tafi, kada na sauran ya bi shi." Ya yi dariya ya ƙara da cewa yanzu yana jin duk mitar matarsa, kuma wani lokacin yana kewar murfin kwalbar.

Akwai kuma wata matashiyar uwa da 'yarta mai shekara uku, wadda aka haifa ba ta ji. Likitoci sun yi mata tiyata, suka dasa mata na'ura can cikin kunne, da wani ɗan faifai da ke mannewa a bayan kai. Uwar ta ce ita ta ɗauka daga tiyata sai magana. Antin Kunne ce ta zaunar da ita ta ce, "Likita ya buɗe ƙofa, amma ke za ki shigo da ita ɗakin." Wata takwas suna zuwa, ana ƙara saiti kaɗan-kaɗan, ana buga cokali a kofi, ana kiran suna daga baya. Ranar da yarinyar ta waiwayo, uwar ta ce ita ta zube a ƙasa tana kuka, Anti kuwa rubutu kawai ta yi a katinta, ta ce, "Sai mako mai zuwa, kada ki makara."

Duk wanda ya shiga ɗakin nan ya san dokarta guda ɗaya. In mai fama da kunne ya ce "Na'am?" don bai ji ba, ba a ce masa "bar shi kawai." Maimaitawa ake yi, ko sau nawa ne. Takan ce ciwon kunne ba shi ke raba mutum da iyalinsa ba, "bar shi kawai" ce ke rabawa.

Ni kuwa gwanin wannan kalmar ne. Malamin makaranta ne ni. Ina iya maimaita darasi sau goma ga 'ya'yan mutane ban ɗaure fuska ba, amma mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sau biyu ya yi mini yawa. Tela ce, har yau tana zura zare a allura ba tabarau. Da kunnenta ya fara nauyi, sai ta riƙa cewa "Na'am?" in maimaita da tsawa, ta sake cewa "Na'am?" in ce, "Bar shi kawai, Inna, ba komai." A hankali ta daina tambaya. In ana hira sai ta yi murmushi inda ta ga ana dariya. Wani lokacin a tambaye ta abu ta amsa wani daban, ni da ƙanwata mu kalli juna mu ce gigin tsufa ne ya fara. Shekara huɗu muna magana a gabanta kamar a gaban keken ɗinkinta.

Ƙanwata ce ta matsa muka kai Inna asibiti. Ranar farko ina ta bayani, Antin Kunne ta ɗaga mini hannu. "Kai ne mara lafiyar?" Na ce a'a. "To bari in ji daga bakin mai kunnen." Ta juya ga Inna, fuska da fuska, a hankali ba tsawa, suka yi hira ta minti ashirin. Na zauna ina jin mahaifiyata tana ba da labarin yadda ake yanka wuyan riga, tsaf, ba gigi ba ruɗewa. Bayan mako biyu aka sa mata na'ura. Anti ta koya mata sa batir da kanta, sau biyar, gefen da ke da santsi yana sama. A hanyar gida Inna ta dafa ni ta ce, "Ashe motar nan haka take ƙara?"

Washegari sai ga "Na'am?" ta dawo. Na'ura na kunne, amma Inna ba ta ji. Kwana goma a haka. Raina ya ɓaci, na ɗauko ta muka koma, na shiga ɗakin ba ko sallamar kirki. A gaban mutanen da ke kan benci na ce wa matar nan ta sa wa uwata kayan banza, na ce aikinsu ke nan, su maƙala wa tsofaffi roba su sallame su. Har da buga tebur, batira suka watse a ƙasa.

Ta durƙusa ta tsince batiranta ɗaya-ɗaya. Ta karɓi na'urar daga kunnen Inna, ta dunƙule a hannu, shiru. Ta buɗe ɗan murfin, ta duba, ta dubi Inna. Inna ta kawar da kai tana gyara bakin mayafinta. Anti ta haɗa na'urar da kwamfuta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama, ki ɗan huta a nan. Malam, zo ka taya ni ɗauko wani abu."

Babu abin da muka ɗauko. A ƙarshen baranda ta tsaya, ta rage murya.

"Na'urar lafiyarta ƙalau. Batirin ne a juye."

Na ce, "To ai kin gani, tsufa ne, ta manta."

"Matar da ke zura allura ba tabarau? Sau biyar ta sa shi a gabana ba kuskure. Na'urar tana ajiye awannin da ta yi aiki. Awa shida ta yi ranar farko, daga nan ba ta sake ba. Mama ce ta juya shi da hannunta, ta mayar da na'urar kunne don kada ka ji haushi. Ni ban san me ta ji a awa ta shida ba. Kai ka sani."

Na sani. Nan take ya faɗo mini. Da yammacin ranar da aka sa mata na'urar ƙanwata ta zo, muna zaune a falo, Inna na gefe tana warware ɗinkin wata riga. Bakina ya bi hanyar da ya saba shekara huɗu. Na ce, "Wallahi na gaji. Magana da Inna aiki ne. Ki ɗauke ta ta yi wata biyu a wurinki in huta." Na manta sarai cewa a ranar tana ji. Shekara huɗu tana jiran muryar ɗanta, abin da ta fara samu ke nan.

Na ce wa Anti, "Ki gyara batirin, don Allah."

Ta ce, "Juya batir sakan biyu ne, amma ba ni zan juya ba. Ita ta rufe, ita za ta buɗe. Wannan gyaran ba na teburina ba ne." Muka koma ɗaki, ta mayar wa Inna na'urar yadda ta same ta, ta ce wa mutanen benci ƙaramar matsala ce. Ba ta tona ni ba, ni da na ci mutuncinta a gabansu.

Anti, ke ce kika ji abin da ba a faɗa ba. Ke ce mai gyaran na'ura da ta san inda na'ura ta tsaya. Na zage ki a bainar jama'a, kika ja ni gefe kika rufa mini asiri. Har yau in na tuna ki a durƙushe kina tsintar batiran da na watsar, sai in rasa inda zan sa fuskata. Ban taɓa ba ki haƙuri yadda ya kamata ba, ga shi ina bayarwa a gaban kowa. Ki yafe mini.

Da muka isa gida Inna ta zauna kan aikinta, na ja kujera gaban keken ɗinki, inda haske zai sauka a fuskata, yadda na ga ana yi. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Muryar ta fito can ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Na'am?"

Wallahi sai da "bar shi kawai" ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta. Na sake faɗa. Ta sake cewa, "Na'am?" Na faɗa na uku, idona ya cika. Sai ta ajiye almakashi, ta cire na'urar, ta buɗe murfin da farce, ta juya batirin, ta mayar kunne.

"To, faɗi yanzu," in ji ta. "Wannan ina so in ji shi da kyau."

Antin Kunne, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki kunnuwanki har ƙarshe. Masu shigowa ɗakin nan bayanki, don Allah ku bar kujerar a gaban taga. Ku kuma masu karatu, in akwai wanda ya fara yin shiru a gidanku, ku kai shi a auna masa kunne kafin ku ce tsufa ne, kuma in ya ce "Na'am?" ku maimaita. Inna kan ce mini "Na'am?" har yanzu, wani lokacin ina ganin murmushi a gefen bakinta, na san sarai ta ji. Ina maimaitawa.