Hakiman Malam Yero

Malam Yero na unguwar Kambarawa bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta mai unguwa, amma akwai wata damina da ya mulki ƙasa tun daga bakin teku har cikin duwatsu, yana kishingiɗe a zaure da karyayyiyar ƙafa.

Bafulatani ne dogo, siriri, mai son a ce ya iya. A ruga aka haife shi, lokacin da filin da gidansa yake a yanzu makiyaya ce. Gari ya yi ta matsowa yana cin fili, Yero yana ja da baya da shanunsa, har ya gaji ya sayi bulo ya gina nasa gidan a tsakiyar masu motoci, ya zama dillali a kara, kasuwar shanu. Garken ya bar shi a ruga, can ta hanyar Kaita, a hannun 'ya'yansa maza biyu, Lado da Sule. Ranar Juma'a in an sauko masallaci yakan je ya zagaya, hannu goye a baya, yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Garken nan shi ne girmansa, kuma burinsa ɗaya a duniya ya gan shi a haɗe har ranar da za a ɗauki gawarsa.

Wani sa ne ya karya shi, san da ya gama rantse wa mai saye cewa ko yaro zai ja shi. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar, ya ce kada ya kuskura ya taka. Mutumin da bai saba zama ba sai ga shi a tabarma tun safe har yamma, ya addabi matarsa Hindu da kira, ya addabi kajin gida da sanda.

Autarsa Mairama tana gida lokacin, an yi hutun jami'a. Wata rana bayan la'asar ta zauna kusa da shi da kwamfutarta, sai ya hango taswira mai launi-launi, ga wasu 'yan mutane da tutoci suna tafiya a kai.

"Ƙasar wa ce wannan?"

"Wasa ne, Baffa, na sarakunan da," in ji ta. "Sarki guda za ka kama. Ka naɗa hakimai su riƙe maka garuruwa, ka ci ƙasar maƙwabta da yaƙi ko da aure. In sarkin ya mutu sai ka ci gaba da magajinshi. Abin da ake so dai kar gidan ya watse."

Yero ya ƙura wa taswirar ido ya ce, "Wannan ai kiwo ne. Matso da shi nan."

Daga ranar Mairama ta rasa wasanta. Tunda shi ba ya karanta Turanci, ita ce mai karantawa da dannawa, shi kuma yana ba da umarni da kan sanda. Ya sa aka raɗa wa sarkin suna Yero, don kada a samu ruɗani. Kuma a yi masa adalci, ya iya yaƙi. Idon dillali gare shi, da ya dubi maƙwabci zai gane ramamme ne ko ƙosasshe. Ba ya taɓa mai ƙarfi. Sai ya jira sarkin wata ƙasa ya mutu ya bar ƙaramin yaro a kan gado, sannan ya ce a je a yi musu ta'aziyya da sojoji.

Inda ya lalace shi ne wajen haihuwa. A gidansu tun kakanni, ranar sunan jariri uba kan nuna karsana guda ya ce ta yaron ce, kuma duk abin da ta haifa, da abin da 'ya'yanta suka haifa, nasa ne har abada. To, sarauniyar Yero ta cikin kwamfuta mai yawan haihuwa ce. Duk sanda Mairama ta ce an samu ƙaruwa, sai ya gyara zama ya ce a ba jaririn gari.

"Baffa, jinjiri ne hwa. In ka ba shi gari, sojan garin nashi ne, ba naka ba."

"Ɗa ya zo duniya hannu wofi, ubanshi na zaune kan garuruwa? Mi za a ce da ni? Ba shi wancan mai kogin."

Haka ya yi ta cin ƙasa yana rabawa. 'Ya'yan suka girma suka zama hakimai, kowa da ganuwarsa da dakarunsa, kuma ba a daɗe ba suka fara haɗa kai suna aiko wa tsohon da saƙon cewa suna son cin gashin kansu. Ran Yero ya ɓaci ƙwarai, har ya ƙi cin tuwo. Amma da yake mai naci ne, ya koyi yadda ake lallaɓa hakimi. Mai fushi a yi masa walima. Mai son girma a ba shi muƙami a fada. Biyu in sun shaƙu a jefa musu zargi a tsakani. Wanda ya gagara a kulle shi. Kafin ƙafa ta fara ɗaukarsa ya ƙware, har yana cewa da an ba shi dama tun yana saurayi, da labarin ƙasar nan ya canza.

Ana cikin haka Mairama ta kawo masa saƙon da ba na kwamfuta ba. Lado yana son a ware masa shanunsa bayan kaka, zai koma wajen surukansa a ƙasar Bauci. Burtali, hanyar shanu, duk ya zama gonaki da filoti, shanu suna rama, kullum cikin rigima da manoma.

Ta bakin Mairama saƙon ya zo domin Lado ɗan fari ne. Yero bai taɓa kiran sunansa ba tun da aka haife shi, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye in akwai wanda za a aika. In zai ambace shi sai ya ce "yayanki", ko "wancan na ruga". Yana son yaron son da ba ya faɗuwa, kuma bai taɓa faɗa ba.

Maganar ta soke shi, amma bai nuna ba. Ya shafa gemu ya ce, "Tawaye ke nan. Mun san maganinshi."

Ya fara da walima. Aka yanka rago, Hindu ta yi dambu da miyar da ba a yi sai da salla, aka kira Lado. Lado ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya ci ya ƙoshi, ya ƙunshe wa matarsa saura, ya yi godiya mai tsawo. Da zai tafi ya ce wa Mairama ta tuna wa Baffa maganar nan.

Sai muƙami. Yero ya aika Babbar Kasuwa aka sayo malafa mai ado da jar fata, ya sa aka sanar a ruga cewa daga yau yayan Mairama ne Wakilin Garke, ba mai sayar da ko akuya sai da saninsa. Lado ya karɓa hannu biyu, ya sa a ka, ya ce Allah ya saka, za ta yi masa amfani ƙwarai a hanya, don an ce ranar wajen tana da zafi.

Sai haɗa hakimai faɗa. Ya tura Mairama ta raɗa wa Sule cewa in yayansa ya tafi, duk kiwo da shayarwa a kansa za su dawo. Sule ya aiko da amsa cewa dama shi yake yi.

Daga nan Yero ya ce babu sauran lallashi, sai kurkuku. Ranar da Lado ya kawo madara, ya sa aka zare makullin babur ɗinsa aka tura ƙarƙashin tabarmar da yake kwance a kai. Lado ya duba nan ya duba can, bai ko tambaya ba, ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya koma ruga da ƙafa. Yero ya manta cewa wanda ya tsare ɗin makiyayi ne, tun yana ɗan mitsitsi yake wuni a tafe.

Abin ya ɗaure masa kai, yadda kowace dabara take tarar da Lado ya riga ya shirya mata. Hindu ce ta warware masa, tana tsince shinkafa ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, wa kake shawara da ita? Ƙanwarshi. Wa kake aikawa? Ƙanwarshi. To mi ya rage?"

Ya juya ya kalli Mairama. A cikin wasan ma ya sha ganin haka, mai riƙe wa sarki asiri shi ke fara sayar da shi.

"Ke ce?"

"Ni ce, Baffa," ta ce, ko gezau. "Yaya ne ma ya ce a sayo malafar mai faɗi. Shanun suna rama, kai ma ka gani."

Ya gani kam. Amma akwai dabara guda da ta rage masa, kuma wannan karon bai gaya wa kowa ba. A wasan ya lura hakimi ba ya tawaye in ya ga rundunar sarki ta ninka tasa. Saboda haka zai yarda a raba garken a gaban kowa. In Lado ya ga 'yan shanunsa tsiraru a gefe, ga na ubansa sun cika fili, kunya za ta kama shi ya fasa.

Da aka gama girbi, aka ɗauko a-daidaita-sahu ta kai su ruga, shi da Hindu da Mairama. Yana dogara sanda, ya sha babbar riga kamar mai zuwa naɗi. Aka taro shanu. Hindu ce ta tsaya rabon, domin ita ta tatsi uwayensu da kakanninsu, ta san kowace daga inda ta fito.

Ta nuna wata fara ta ce jikar karsanar Lado ce, aka kora ta gefe da 'ya'yanta. Ta nuna wata, ta nuna wata. Na Lado suka taru, kuma ba tsiraru ba ne. Aka ware na Sule. Aka ware na 'ya'yansa mata da ke gidan aure, waɗanda suka bar nasu a garke. Aka ware na Hindu kanta, zuriyar saniyar sadakinta. Da aka zo kan na Mairama sai abin ya zama abin dariya, don karsanarta ta yi ta zuba mata, su ma suka yi ta zuba mata, har rabonta ya fi na kowa. Yero yana tsaye yana jiran a zo kan nasa, fili yana ta raguwa a gabansa.

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Da zai gina gida, nasa ya sayar. Da zai biya makarantar Mairama, nasa. Da Hindu ta kwanta asibiti, nasa. Bai taɓa sa hannu a saniyar ɗa ba, don ba a yi, kuma bai taɓa zama ya duba abin da ya rage ba, tunda duk a garke ɗaya suke kwana. Da Hindu ta sauke hannu, saniya guda ce tsaye a tsakiyar fili, tsohuwa, mai ciki, tana tuƙa abinta.

Kunyar da ya tanadar wa Lado shi ta kama. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Ashe shekara da shekaru yana zagaya shanun mutane hannu goye a baya, su kuma suna ce masa sannu da zuwa, ba wanda ya taɓa tuna masa. Ya dubi tarin na kowane ɗa, sai wani abu mai kama da alfahari ya biyo bayan kunyar, ya rasa wanne zai ji.

Hindu ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya. Ta ce matar Lado tana da juna biyu, a can za ta sauka.

Yero ya daɗe yana kallon tsohuwar saniyar. Bauci ba nan kusa ba ce, kuma ya san da wuya ƙafar nan ta kai shi suna.

"Mairama," ya ce, "kora ta cikin na yayanki. Ita da abin da ke cikinta na jinjirin ne."

"Baffa, ita kaɗai ta rage."

"Na gani. Ƙafa na karya, ba ido ba."

Ranar tafiya, da hantsi, Lado ya zo ya durƙusa nesa kaɗan da ubansa, kansa a ƙasa. Yero bai dube shi ba. Ya dogara sandarsa ya je wajen tsohuwar saniyar, ya dafa tozonta, ya shiga yi mata magana da ƙarfin da za a ji.

"Ke, ki bi hanya a hankali. Kar ki shiga gonar kowa, ko an tsokane ki. In kin isa ki aiko a ji. In kuma wurin bai yi ba, ki dawo gida, ba wanda zai yi maki dariya."

Daga nan sai ya tsaya yana cire mata kaskar da babu.

Lado bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ta ji, Baffa."