Kurungun Surukina

Ni mutum ne mai mantuwa. Na taɓa barin babur ɗina a kasuwa na hau kabu-kabu na koma gida, har ina yi wa mai kabu-kabun faɗa don bai iya tuƙi kamar ni ba. Amma akwai rana guda da ko da ruwan Kwara gaba ɗaya aka wanke mini kai ba za ta fita ba: ranar da surukina ya zauna gaban akwatin gilashi yana jiran kifin da na san ba ya ciki.

Sana'ata albasa. Daga Malanbil nake lodinta zuwa Kwatano. A wani zuwa na shiga biro, wato ofishin wani mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, sai na ga akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye ja da rawaya suna kai da komo kamar 'yan biki. Na saki baki har na manta abin da ya kawo ni. Nan take na ce in dai ina numfashi sai an ga irin wannan a falona.

Kafin in bar garin na sayi nawa, ɗan madaidaici, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Mai shagon ya haɗa mini da ɗan inji mai busa iska cikin ruwa, da mataci, da fitila, da na'urar ɗumama ruwa. Na'urar ɗumama ruwa, jama'a! Zuwa Malanbil, garin da kaza ke yin ƙwai dafaffe in bazara ta kama. Ban tambaya ba, na karɓa, don kada a ce ɗan arewa bai waye ba. Kifi kuwa ya ce in bari sai wani zuwa, ruwan ya fara zama tukuna.

Da matata ta gani ta riƙe haɓa. "Maigida, gulbi na bayan gidanmu, kai kuma ka tafi Kwatano sayo wa kifi ɗaki?" Ba ta tsaya nan ba, sai da ta kai labarin Madekali, wurin mahaifinta.

Surukina tsohon masunci ne. A kan ruwa ya girma, a kan ruwa ya yi furfura, sai da ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Tsakanina da shi kunya ce irin ta da. Ban taɓa cin abinci gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ni da bakina ba ya rufuwa ko a masallaci, in na gan shi sai in zama bebe.

Bayan mako guda sai ga shi a ƙofar gida, an goyo shi a babur, ya rungume jarka kamar jariri. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce a kai shi wurin abin. Ya zagaye akwatin sau biyu, ya ƙwanƙwasa gilashin, ya sa aka janye shi daga bakin taga. Sannan ya kwance kayansa: wankakken yashin gulbi, guntun itace mai rami da ya daɗe cikin ruwa, 'yan kainuwa, kifin kurungu uku kowanne kamar yatsa, da 'yan kawara huɗu masu walƙiya.

"Ɗana, ƙaramin gida baƙi kaɗan yake ɗauka," in ji shi. "Kurungu ba shi faɗa, ba shi ƙin zafi, shi ne mai sharar gida. Ka ga ban kawo ɗan tsage ba? Ya fi su kyau, amma kafin Juma'a shi kaɗai za ka iske, yana tambayar ina saura. Kainuwa ita ce inuwarsu. Ruwan famfo kada ka zuba sai ya kwana a randa. Abinci kuwa, abin da za su cinye kafin ka gama alwala, ka ji?"

Na ce, "To, Baba." Wannan ita ce doguwar hirar da muka taɓa yi da shi. Da aka sake su, wani kurungu ya juya ciki sama ya ci gaba da iyo abinsa. Tsohon ya yi dariya har ya goge ido. Ya ce wancan shi ne shaƙiyyin cikinsu, irina ne. Ashe ya san halina tun da daɗewa.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban rubuta shi ba. Sai na gayyato 'yan fadarmu, abokan hirata, su zo su ga abin mamaki. Akwai wani abokin wasana mai sayar da taya, wanda harshensa ya fi reza. Ya leƙa, ya ja baya, ya ce, "Alhaji, miya ce ka sa a talabijin? Ina barkono da daddawa?" Wani ya ce gashin bakin kurungun irin na tsohon ɗan duwan ne, wato kwastan. Kafin magariba rabin kasuwa na kirana Sarkin Ruwa. Ni da na saba yi wa mutane, yau an yi mini, kuma na kasa haɗiyewa. Mai barkwanci shi ya fi kowa ƙin a yi masa.

Da na koma Kwatano, mai shagon ya ce takwas sun ishi akwatina. Na ce ya ƙirgo ashirin. Na haɗa da ciyawar roba da duwatsu masu launi kamar alewa. A gaban mota na riƙe ledojin tun daga can har gida, ko a Parakou ban sauka cin abinci ba.

Na iso da hantsi, matata ta tafi suna a maƙwabta. Na kwashe kainuwar na watsa wa awaki. Na zubar da yashin. Kifayen tsohon na juye su a bokiti, na ajiye bayan madafa, da niyyar in mai da su gulbi da la'asar. Allah ya sani na yi wannan niyya. Na cika akwatin da ruwan famfo, daga bakin famfo kai tsaye, na saki baƙina, na kunna fitila, na mai da shi bakin taga don a fi gani. Ina cikin kallon aikina aka kira ni a waya, jandarma sun tsayar da motar albasata a Gene. Na fita da gudu.

Sai bayan la'asar na dawo. Inuwar da na bar bokitin a ciki ta daɗe da tashi. Na sa hannu a ruwan, da ka zuba ganyen shayi da ya dahu. Duka bakwai suna sama. Shaƙiyyin ma ya juya ciki sama, amma wannan karon ba wasa yake yi ba.

Matata ta tsaya kaina. "Mi za ka ce wa Baba?"

"Zai manta," na ce.

"Baba yana manta sunan jikokinsa, amma ba shi manta kifi."

Kwana tara a tsakani, baƙina suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya yi fari kamar an dama fura. Kowa ya shigo gidan sai ya jefa musu wani abu, don a wurinmu ba a ganin mai rai a tsare a wuce shi hannu sake: wannan burodi, wancan ƙuli-ƙuli, wata gwaggo har da dambu. Ranar kasuwa sha ɗaya suka rage. Tun safe aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, injin iska ya yi shiru, zafi kuwa kamar an kifa wa garin tukunya. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. Ina tsaye ina yi musu fifita da faifai, sai na ji sallamar da na fi tsoro a duniya.

Ya shigo yana dogara sanda, da sabuwar kainuwa cikin ƙwarya, da ɗan gwangwani na gara da ya tono wa kurungunsa. Aka shimfiɗa masa tabarma gaban akwatin. Ya dubi ciyawar robar, ya dubi duwatsun, ya dubi taga.

"Ina nawa?"

Jama'a, ga ƙofar gaskiya a buɗe. Na ce, "Suna ciki, Baba. Sun ɓuya bayan duwatsu, kunyar baƙi suke ji."

Ya buɗe gwangwanin ya barbaɗa gara kaɗan a kan ruwa, ya zauna yana kallo. Na yi ƙarya da yawa a rayuwata, na taɓa rantse wa wata mata cewa albasata ba ta sa hawaye, amma ban taɓa yin wadda aka zauna ana jiranta ba. Mutumin da ke gane kifi daga motsin ruwa, cikin duhun gulbi, shi na ce wa kurungu ya ɓuya a akwatin da ake ganin bayansa ta gabansa. Ya jira har garar ta nutse. Hanya yake ba ni in gyara maganata. Ban bi ba.

Can ya nisa, ya ce wa ɗiyarsa ta kawo ruwan randa da wata roba babba. Da hannunsa ya raba kifayen gida biyu. Ya rage ruwan akwatin ya ƙara na randa a hankali, ya tsame ruɓaɓɓen abincin da ya kwanta a ƙasa, ya shimfiɗa kainuwarsa a sama. Ya sa ni ina ɗibar ruwa da moɗa ina zubawa daga sama, don iska ta shiga. Kafin azahar kifayen sun daina haki.

"Su ma baƙi ne," in ji shi, "ba su da laifi. Ba su suka kawo kansu ba."

Ya ƙi tsayawa cin abinci. Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da kabu-kabu. Ya sa mini albarka kamar kullum, bai rage ko kalma ɗaya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da na dawo ne matata ta faɗa mini abin da tsohon ya hana ta faɗa tun farko. Kifayen nan ba aike ya yi aka kamo masa ba. Safiya uku yana shiga ruwa da koma, ragarsa ta kamun kifi, da wannan gwiwar, yana kamawa yana saki har ya sami waɗanda suka yi masa. Da ya fito ya ba ɗan ƙanensa komarsa da jirginsa, ya ce ya gama. Su ne kamunsa na ƙarshe, kuma gidana ya zaɓa musu, don in ya zo gari ya riƙa ganin gulbinsa a zaune.

Na ce gobe zan tafi Madekali in faɗa masa gaskiya. Gobe ta zo, albasa ta yi tsada. Wata goben, hanya ta lalace da ruwa. Gaskiyar magana ita ce kunya nake ji, ita kuma kunya in ta kwana ƙaruwa take yi. Kafin damina ta fita na je Madekali, amma ɗaukar gawarsa na je yi.

Akwatin yana nan har yau, nesa da taga. Yashin gulbi ne a ƙasa, kainuwa a sama, kurungu uku a tsakani, waɗanda ɗan ƙanen nasa ya kamo mini da komar tsohon. Na'urar ɗumama ruwan kuwa matata na danne labule da ita. Mai tayar nan har yanzu in ya shigo sai ya tambayi barkono, ni kuma in ce masa ya zauna ya gaida manya.

Abin da na koya guda biyu ne, kuma da tsada na saye su. Dariyar abokai kwana biyu take yi ta wuce, kada ka zubar da abin da mai ƙaunarka ya shiga ruwa ya ɗauko maka don ka kashe ta. In kuwa ka riga ka zubar, ka faɗa tun yana zaune a kan tabarma yana jira. Ni na bari ya tashi.