Ranar Da Aka Shanye Mini Ma'auni

Ko tsufa ya zo ya share mini ƙwaƙwalwa tas, akwai ranar da ba zai iya ɗauka ba, ita ce ranar da ƙungiyarmu ta manoman rake da tumatir ta tashi sayen mota. Ku sababbin direbobi da kuke wucewa ta gaban shuɗiyar a-kori-kurar nan ta bakin ofis kuna yi mata dariya don fentinta ya koɗe, ku gyara zama ku ji yadda ta shigo gidan nan. Ni Iliya na kawo ta, kuma saura ƙiris aikina ya tafi a kanta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, membobinmu suna warwatse ne daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan. Aikin motar ƙungiya shi ne ta shiga fadama da taki da iri, ta fito da tumatir da masara da mazarƙwaila zuwa bakin titi inda manyan motoci ke lodi. A shekarar da nake ba ku labari tsohuwar motarmu ta mutu, mutuwar da har bakanikenmu sai da ya cire hula ya yi mana ta'aziyya. Tumatir ya ruɓe a kwando a idon masu shi. Babban taro ya zauna ya yanke cewa a sayi wata, da sharaɗin ta yi mana aƙalla shekara goma, don ba abu ne da za mu iya maimaitawa nan kusa ba.

Dokar ƙungiya ta ce mutum uku ke zuwa duba mota: shugaba, sakatare da direba. Shugaba da sakatare suna da ƙuri'a, su ne kuma ke sa hannu a rahoton da za a kai wa taro. Direba kuwa shawara kawai ake jin ta bakinsa, in an ga dama. Shugabanmu a lokacin Alhaji Ɗalhatu ne, dattijo mai kirki, mai son abu mai kyau. Sakatare kuma Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a Makarfi har ya fi ni sanin lungunanta, abokin tsokanata ne tun ina saurayi.

Kafin mu tafi na yi wani shiri. Duk hanyoyinmu babu mai cin mota kamar ta fadamar bayan Dandamisa. Mutane suna zaton ruwa ne matsalarta. Ruwa ɗan wasa ne. Da damina tarakta da amalanke suna haƙa kwari biyu a hanyar, ɗaya dama ɗaya hagu, su bar wani doro a tsakiya. Tayoyinka suna cikin kwari, doron yana jiran cikin motarka. In cikinta ya yi ƙasa, sai ta hau ta zauna kamar kaza a kan ƙwai. Na je wurin da ya fi muni, na sari rake a gonar gefe, na tsayar da shi a cikin kwarin, na gitta katako a kan doron, na yanke raken daidai wurin. Gaɓa uku cif. Na ce da kaina duk motar da raken nan bai tsaya a miƙe a ƙarƙashinta ba, ba tamu ba ce, ko da daga sama aka sauko da ita.

Ƙarshen damina ne, muka kama hanyar Zariya a motar shugaba, ni ke tuƙi, shi yana gaba, Malam Yohanna yana baya da fayil. Na ajiye rakena a tsakanin kujeru. A Tashar Yari na tsaya na fita don a ƙara wa taya iska, na daɗe kaɗan saboda layi, na dawo muka ci gaba.

Dillalin da muka je wurinsa sunansa Alhaji Mudi, mutum mai bakin da zai iya sayar maka da takalminka da ke ƙafarka. A-kori-kura biyu ya nuna mana, dukansu na hannu ne, dukansu suna ja da ƙafa huɗu. Ta farko fara ce, ƙofa huɗu, kujerun fata, da matakala mai ƙyalli a gefe. Sanyin cikinta kuwa, minti biyu na yi na fara tunanin bargo. Ta biyu ita ce shuɗiyar nan, ƙofa biyu, bodi dogo, gilashi sai ka murɗa da hannu, rediyonta tasha ɗaya yake kamawa, ita ma sai ka dafa shi. Amma tayoyinta dogaye ne, sifirin ɗinta na baya a jere kamar an ɗaure itacen girki, injinta kuma irin wanda kowane bakanike a Makarfi ya san shi kamar ɗakin uwarsa.

Shugaba ya shiga fara ya rufe ƙofa, sai da muka ƙwanƙwasa masa gilashi.

“Malam Yohanna, ai an gama,” in ji shi. “Rubuta.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar in gaisa da cikinta.”

Na yi musu bayanin ma'aunina, Alhaji Mudi yana dariya har da riƙe ciki. Na shimfiɗa buhu na kwanta na shige ƙarƙashin shuɗiya, rake ya tsaya har da sarari. Na koma ƙarƙashin fara, inda idona tun daga nesa ya gaya mini tankinta da tayarta ta safaya sun yi ƙasa. Na tsayar da rake. Ya tsaya! Har da wurin da kyanwa za ta wuce. Na ce ikon Allah, ko idona ne ya fara tsufa? Na jawo raken kusa da fuskata na ƙirga. Ɗaya, biyu. Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, ko lissafin zai canza. Biyu dai. Bakinsa kuma ɗanye shar, da sawun wuƙa.

Na fito na miƙe na dubi Malam Yohanna, sai ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Na dubi shugaba, sai ga wani ɗan farin zare na rake a maƙale a gemunsa.

Ku gaya mini, wane direba ne zai dubi shugabansa, sa'an babansa, a gaban dillali, ya ce masa kai ka shanye mini ma'auni?

Na ce, “Ranka ya daɗe, raken nan fa ya ragu.”

“Ya ragu kamar yaya? Wa ya rage shi?”

“Ina jin zafin mota ne ya sa ya tsuke.”

Malam Yohanna ya rufe fuska da fayil, kafaɗunsa suna rawa. Shugaba ya murtuke ya ce, “Iliya, ma'auninka ne, kai ka zo da shi, kai ka auna, mota ta ci jarrabawa. Me kuma ya saura?”

Nan fa na ga tarkon da na ɗana da hannuna ya kama ni. In na yi shiru, za a sa hannu, mu yi shekara goma muna tura farar mota a fadama, kuma duk ranar da ta maƙale za a ce direba ne bai iya ba. Na tuna fuskokin mutanen da suka zubar da tumatirinsu a bakin rafi. Na ciro makullin ofis da na gareji daga aljihu na ɗora a kan bonet.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a bar maganar rake. A kai su biyun Dandamisa, a ɗora wa kowace buhu goma na masara. In fara ta ratsa fadamar nan, ga makulli, a nemi wani direba, ni ma zan taya ku nema.”

Malam Yohanna ya daina dariya. Ya matso ya ce mini a hankali, “Oga direba, kana da 'ya'ya shida fa.”

Na ce, “Bakwai, Sakatare, ka gyara rubutunka.”

Shugaba ya ce ya karɓi sharaɗin, Malam Yohanna ya zama shaida. Saura dillali. Na juya na ce masa, “Alhaji, in kana tsoron kada amaryarka ta ɓata kwalliya, ba komai, mun fahimta.” Ai kuwa ya zabura. Ya ce motarsa bango ma tana hawa in an nuna mata, kuma shi da kansa zai tuƙa ta, don kada in yi mata mugunta. Abin da nake so ke nan.

Bayan kwana biyu, da hantsi, muka hallara a bakin fadama. Labari ya riga mu isa. Mutanen da suka taru, ko ranar kasuwa albarka. Aka yi lodin buhu goma goma, bayan fara ya ɗan durƙusa, shuɗiya kuwa kamar an ɗora mata hula. Shugaba ya shiga gaban fara da babbar rigarsa, Alhaji Mudi ya ja.

Zan gaya muku gaskiya, farkon tafiyar nan ta ba ni tsoro. Ta ratsa taɓon farko kamar tana tafiya a kan darduma. Ta shiga ruwa ta fito tana walƙiya, mutane suna tafi. Malam Yohanna ya ce, “Oga direba, ka iya noman rake kuwa? Akwai gona a wurina.” Ni dai na kafa wa doron ido.

Sai ta iso wurin doro. Muka ji ƙarar ƙarfe, matakalar gefe ta lanƙwashe, motar ta ɗan ɗaga, ta zauna daram. Alhaji Mudi ya ba ta wuta, tayoyi huɗu suka yi ta juyawa suna fesa wa jama'a taɓo, ita kuwa ko motsi. Ya sa ribas, haka. Ya danna duk maɓallin da ke cikin motar, har na goge gilashi, haka. Shugaba ya buɗe ƙofa ya sauko, ƙafarsa ta nutse har gwiwa, takalmi ɗaya bai dawo ba har yau. Sai da aka sauke buhunan nan kaf, aka kawo shanun huɗa guda huɗu suka ja ta da baya, sannan hanya ta buɗe.

Kada ku ce na ci nasara a nan. Faɗuwar fara ba ta nuna shuɗiya za ta wuce ba, kuma ni ban taɓa tuƙa ta a wurin ba. Na shiga na yi bisimilla, na sa giyar ƙafa huɗu, na sa lamba ɗaya, na saki kuloci a hankali. Dokar irin wannan wuri ita ce kada ka yi gaggawa, kada kuma ka tsaya. Da muka hau daidai doron sai na ji ƙurrr a ƙarƙashina. Na ce shi ke nan, Iliya, gonar Yohanna ta kira ka. Ban ɗaga ƙafa ba, ban kuma ƙara wuta ba. Ta yi gurnani, ta girgiza bayanta, ta fita. Bakin salansa ne kawai ya shafi ƙasa.

Na juyo da ita na sake ratsowa da lodinta, don kada a ce sa'a ce. Da na tsaya, shugaba ya zagayo ya buɗe ƙofa ya shigo da taɓonsa, ya ce in sake kai shi ya gani da idonsa. Muna cikin tafiya, mu biyu kaɗai, ya yi ajiyar zuciya.

“Iliya, kada ka ɗauka sanyin nan kawai na bi. Duk taron da muka je Kaduna, masu gadi suna ganin motarmu sai su nuna mana can baya wajen bola. Na so ko sau ɗaya a buɗe wa manomanmu babbar ƙofa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, da wannan ma bayan za su nuna mana, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma miyar da za su sha a taron, da tumatirinmu za a yi ta.”

Muka fito daga fadama. Ya leƙa ta taga ya kira sakatare ya ce, “Malam Yohanna, rubuta shuɗiya. Ka mayar wa mutumin nan da makullinsa kafin ya cika mana kunne.” Babban taro ya amince da rahoton ba tare da musu ba, don rabin masu ƙuri'ar suna wurin, wasunsu ma da taɓon fara a rigunansu suka koma gida.

Shekara tara ke nan tana aiki. An canza mata kuloci sau biyu, sifirin sau ɗaya, kuma duk a gindin bishiya aka yi, ɗaya a Ikara, sauran a Makarfi, ba a taɓa ɗaukar ta zuwa birni ba. Babu lungun Saulawa ko Kudan da ba ta san shi ba.

Abin da na koya shi ne, manyanmu ba mugaye ba ne, kowa daga inda yake zaune yake ganin mota. Shugaba yana ganin ta daga kujera, sakatare daga takarda, dillali daga aljihunsa. A duk ƙungiyar nan direba ne kaɗai aikinsa ya sa shi kwanciya a ƙasa ya ga cikinta. Don haka in an kai ku duba mota, ku yi maganarku tun ba a sa hannu ba, da ladabi, amma kada ku ja da baya. Ranar da ta zauna a fadama da kayan mutane, kwamiti yana gida yana shan shayi, kai ne a cikin taɓo.